In jira sabuwar ƙira ko in sayi wadda ke kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a garin Tawa. Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko mini da jika 600, wato sefa dubu 600, tun kafin damina, domin in sayi kwamfuta mu buɗe ɗan shago ni da wani abokina, mu riƙa buga takardu, muna tsara katin gayyata, muna kuma haɗa bidiyon bukukuwa. Ina shirin saye sai na soma cin karo da labarai a YouTube cewa kamfanin Apple na dab da sake fasalin MacBook, kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, gaba ɗaya, za a rage mata kauri, a sa mata allon da ake taɓawa irin na waya, har kwamfutocin tebur ma za a sauya su. Na ji tsoron in sayi ta yanzu ta zama tsohon yayi cikin ƴan watanni, sai na dakata. Abokina yana cewa mu sayi ta tebur kawai mu fara aiki, mun yi ta gardama har ya soma ja da baya. A cikin jiran nan na taɓa kuɗin, jika 90 sun tafi a rashin lafiyar gyatuma da wani rance da na ba wani aboki. Da Yaya ya tambaye ni kuwa, kunya ta sa na ce masa na riga na yi oda, tana hanya. Yanzu duk Juma'a sai ya tambaya ko ta iso. In ci gaba da jira ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa gyatuma lafiya. Amsata a taƙaice ita ce ka daina jira, ka kira yayanka a cikin makon nan, sannan ka sayi abin da sauran kuɗin za su iya saye. Amma da yake na san ba za ka saki jiran nan ba sai an buɗe maka abin da kake jira ɗin ka gan shi sarai, bari mu fara da kwamfutar, ko da yake ita ce ƙaramar matsala a cikin wasiƙarka.

Ya kamata ka san inda waɗannan labarai suke fitowa. Kamfanin Apple ba ya faɗin abin da zai fitar sai ranar da ya shirya, saboda haka duk abin da ka ji kafin wannan rana, ko dai wani ya tsinto shi daga masana'antun Sin da Taiwan da Koriya ta Kudu masu ƙera allo da batir da sauran sassa, ko wani ma'aikaci ya tsegunta wa ɗan jarida, ko kuma wani ya zauna ya shirya abinsa. Akwai mutane ƙalilan da aka san su da samun labari daga tushe, irin su Mark Gurman na kamfanin labarai na Bloomberg da Ming-Chi Kuo mai bibiyar masana'antun Asiya, kuma sau da yawa abin da suka faɗa yakan tabbata. Inda hasashensu ya fi kaucewa shi ne wajen lokaci, lokacin kuwa shi ne abin da ya shafe ka, tunda shago kake son buɗewa. Masu bidiyon da kake kallo daga bakin waɗannan suke kwasa, su ƙara gishiri, su ɗora hoton da wani mai zane ya ƙirƙira, yana ta sheƙi har ka ɗauka an ɗauko shi daga kanti. Abincinsu yana cikin yawan masu kallo, don haka babu makon da za su fito su ce maka yau babu sabon labari.

Maganar allon taɓawa da ta tsayar da kai ma ba sabuwa ba ce. Tun watan Janairun 2023 Gurman ya ruwaito cewa Apple na aiki a kan MacBook Pro mai allon taɓawa samfurin OLED, wadda mai yiwuwa ta fito a 2025. Shekarar 2025 ta zo, a watan Oktoba aka fito da MacBook Pro mai ƙwaƙwalwar M5, jikinta kuwa shi ne dai na 2021, allonta ba a taɓa shi. Wanda ya ƙulle kuɗinsa tun ranar da aka fara maganar ya share kusan shekara uku hannu rabbana. A ɓangaren kwamfutar tebur ma haka aka yi: an daina sayar da iMac mai inci 27 a watan Maris na 2022, aka yi ta raɗe-raɗin za a dawo da ita da sabon fasali, har sai da kamfanin ya fito a Nuwamban 2023 ya ce ba shi da shirin yin mai inci 27 da sabuwar ƙwaƙwalwarsa. Kai, ko abin da kamfanin ya nuna wa duniya da kansa ba dole ba ne ya iso kasuwa, domin faifan cajin nan AirPower an nuna shi a Satumban 2017, aka soke shi a Maris na 2019 ba tare da an sayar da ko ɗaya ba.

To, mu ɗauka labarin gaskiya ne, gobe ma za a fito da ita. Tambayar da ba ka yi wa kanka ba ita ce, da wane kuɗi za ka saye ta? Sabon fasali a wannan kamfani ya saba zuwa da ƙarin farashi. MacBook Pro mai inci 14 da aka sake wa fasali a Oktoban 2021 ta fara ne daga dala 1,999 ta Amurka, wato sama da miliyan guda na sefa tun tana can. MacBook Air da aka sake wa jiki a 2022 ta fito a dala 1,199, alhali wadda ta gabace ta dala 999 ce. Wannan kuwa farashin Amurka ne, kafin a ɗora kuɗin jirgi, da na duwan, wato kwastan, da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, da ribar wanda ya ɗauko ta daga Dubai ko Faransa, domin Apple ba shi da kantinsa na kansa ko ɗaya a duk faɗin Afirka. Kai kuma abin da ya rage a hannunka jika 510 ne, kuma a cikinsu ne za ka nemi injin buga takarda, da tawada, da kuɗin hayar shago. Gaskiyar da masu bidiyon ba su gaya maka ba ita ce ko ta fito, ba taka ba ce a bana, ba kuma taka ba ce a baɗi. Sayen kifi a ruwa ma ya fi wannan, tunda shi mai sayen kifin aƙalla yana da kuɗinsa.

Akwai jira iri guda da ke da hujja, kuma ba zan ɓoye maka ita ba: idan sabuwa ta fito, tsohuwa takan sauka. Hakan yana faruwa da sauri a ƙasashen da kamfanin yake sayarwa kai tsaye. Amma ɗan kasuwar Yamai da ya sari kayansa da tsohon farashi, ya biya duwan, ba zai rage maka ko dala ba don an yi taro a Kaliforniya, sai kayan sun ƙare ya saro wasu, wannan kuwa watanni ne. Farashin ma ba ƙasa kaɗai yake tafiya ba. A ƙarshen 2025 kuɗin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa, kuma babu kwamfutar da ba ta buƙatarsa. Mai jiran arha yana iya wayar gari ya tarar da tsada.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne sabon fasali ba kullum yake zama ci gaba ba, kuma waɗanda suka fara saye su ne ake gwaji a kansu. A 2015 Apple ya fito da wasu madannai marasa kauri masu ƙirar malam-buɗe-littafi, ya sa su a MacBook mai inci 12, sannan a 2016 ya sa su a MacBook Pro da ya sake wa fasali. An yaba kyansu sosai. Sai ga shi ƴar ƙura kaɗan idan ta shige ƙarƙashin madanni, harafi ya ƙi fitowa, ko ka danna sau ɗaya ya fito sau biyu, gyaran kuma sau da yawa sai an canja dukan saman kwamfutar. A Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, a ƙarshen 2019 ya soma komawa tsohuwar ƙira, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Wannan fa ƙurar ofis ce ta Turai da Amurka ta yi musu haka. Ka ƙiyasta abin da hazon hunturun Adar, yankinku na Tawa, zai yi wa irin wannan madannai a shagon da ƙofarsa ke buɗe a bakin hanya daga safe zuwa dare, kuma babu inda za ka kai a gyara maka kyauta.

A wannan fasali na 2016 ne kuma aka cire ramin HDMI na haɗa ta da babban allo ko talabijin, da na katin kamara, da na USB irin wanda kowa ya sani, da cajar maganaɗisu, aka bar ƴan ramuka samfurin USB-C kaɗai, aka kuma maye layin madannan sama da wani siririn allo mai suna Touch Bar. Masu ɗaukar hoto da bidiyo suka koma yawo da tarkacen wayoyin haɗi a jaka. Da aka zo 2021, abin da aka yi ta tafa wa hannu a matsayin sabon fasali shi ne an dawo da HDMI, an dawo da ramin katin kamara, an dawo da cajar maganaɗisu, an cire Touch Bar, an kuma ƙara wa kwamfutar kauri. Babban tsallen da kwamfutocin Apple suka yi a shekarun nan kuwa bai zo da sabon jiki ba. A Nuwamban 2020 aka fito da ƙwaƙwalwar M1, aka sa ta a cikin jikin MacBook Air na da, wanda idan ka ajiye shi kusa da na shekarar da ta gabata ba za ka bambance su da ido ba, amma saurinta da daɗewar batirinta suka canja lissafin kasuwar baki ɗaya. Wanda ya ƙi ta don siffarta ba ta canja ba ya yi asarar abin da ya fi siffa amfani.

Rage kauri ma, wanda shi ne ya fi burge ka, ka dube shi da idon mutumin Tawa. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da MacBook a yanayin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. Kai ka san abin da Afrilu da Mayu suke yi a garinku, inda rana ke haura digiri 40, balle a cikin shago mai rufin kwano da misalin azahar. Kwamfuta marar kauri wurin zagayawar iska ya yi mata kaɗan, MacBook Air ma tun daga M1 ba ta da fanka ko ɗaya. Idan ta ɗauki zafi ba fashewa take yi ba, rage gudu take yi don ta kare kanta, sai ka ga bidiyon ɗaurin aure da kake fitarwa yana jan ƙafa, dangin amarya na tsaye a kanka suna jiran su kama motar ƙauye. A aikinku, kauri da fanka da ramuka masu yawa alheri ne.

Game da tsoron tsohon yayi, abin da ke tsufar da kwamfuta a zahiri shi ne ranar da aka daina aiko mata da gyaran manhaja, siffar jikinta ba ta da hannu a ciki. A nan ne ya kamata ka zuba ido, domin a nan ake cutar masu saye a kasuwanninmu. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar wata ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke kwamfutocin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma ka san inda suke ƙarewa. Mai kanti zai ce maka Core i7 ce, ya yi shiru. Kai ka duba lambar da ke biye: idan ka ga irin i7-6600U ko i5-7200U, zubi na 6 da na 7 ke nan, ka ajiye masa abarsa, ko da ya nuna maka ya ɗora mata Windows 11 ta bayan fage. Irin i5-8250U zubi na 8 ce, masu farawa da 10 ko 11 ko 12 kuma sun fi ta sabunta. Haka nan MacBook masu ƙwaƙwalwar Intel na 2016 zuwa 2019, waɗanda suke cika kantuna suna ƙyalli da Touch Bar ɗinsu, kada kyansu ya ruɗe ka: akasarinsu masu madannan nan ne da na faɗa, kuma Apple ya sanar a Yunin 2025 cewa macOS 26, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa, ita ce ta ƙarshe da za ta hau kan Intel, ita ma a kan ƴan samfura kaɗan.

Yanzu ga gardamarku da abokinka. A ganina ya fi ka kusa da gaskiya, ba don ta tebur ta fi kyau a kowane hali ba, sai don shi aikin yake kallo. Kwamfutar tebur ana buɗe ta a hure ƙura, ana ƙara mata RAM, ana canja ma'ajiyarta, idan akwatin wutarta ya ƙone a sa wani, kuma da kuɗi ɗaya ta fi ta tafi-da-gidanka ƙarfi. MacBook ta zamani kuwa RAM ɗinta da ma'ajiyarta a manne suke da allon ciki, abin da ka saya da shi za ka rayu. Raunin ta tebur guda ɗaya ne, amma babba ne a wajenmu: da an ɗauke wuta ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, yawan mutuwar farat ɗaya kuma yana lalata ma'ajiya. Dole a haɗa ta da akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintoci, a kuma sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Idan unguwar da za ku kama shago wutarta ba ta zama, kuma ba ku da hasken rana, to kwamfutar tafi-da-gidanka irin ta ma'aikata, wato jerin ThinkPad na Lenovo, ko Latitude na Dell, ko EliteBook na HP, ita ce ta fi dacewa, ku haɗa ta da babban allo da madannai na daban a kan tebur, ku sami amfanin biyun. Yawancin na zubi na 8 a waɗannan jeri ana kwance su da sukurdireba, ana ƙara musu RAM, masu gyara kuma sun san cikinsu.

Idan zuciyarka ta kafe sai Apple, akwai Mac mini, wadda ita sake fasalinta ya riga ya tabbata. Ta shekara goma sha huɗu da jiki kusan iri ɗaya tun 2010, sai a Oktoban 2024 aka mayar da ita ƴar ƙarama mai faɗin santimita 12.7, da ƙwaƙwalwar M4 da RAM mai giga 16, a kan dala 599 a Amurka. Na'ura ce mai ƙarfi, ba ta cin wuta sosai. Amma sabon fasalin ya cire mata ramukan USB na gargajiya, ya kai maɓallin kunnawa ƙarƙashinta, ku kuwa duk wanda ya shigo shagonku da ƴar ma'ajiyar USB ta gargajiya zai zo, injin buga takardar ma galibi haka wayarsa take. Ban da wannan, manhajar Publisher da masu buga katin gayyata suka saba da ita ba ta hawa Mac, ko da yake ita ma Microsoft ya sa Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen tallafinta, don haka gara ku koyi tsara kati da CorelDRAW ko Photoshop tun yanzu. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi sababbin kwamfutocin Windows masu ƙwaƙwalwar Snapdragon da aka fito da su a 2024 da sunan Copilot+, domin wasu tsofaffin injinan buga takarda da wasu manhajoji ba sa jituwa da su. Ni dai shawarata Windows ce a kan Intel ko AMD, mai RAM giga 16 da ma'ajiya mai sauri samfurin SSD, wadda za ta ɗauki aikin bidiyo na yau da kullum da CapCut ko DaVinci Resolve, wanda yake da samfurin kyauta.

Dalilina shi ne a watannin farko ba bidiyo ne zai ciyar da shagon ba. Takarda ce: ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani masu kundin kammala karatu, masu neman aiki da takardunsu, ƴan kasuwa masu son rasiɗi, masu suna da masu aure da katunansu. Bidiyo sai an san ku, an ga aikinku a bikin wani, sannan a kira ku. Duk wanda ya zuba dukan jarinsa a kwamfutar bidiyo ya bar injin buga takarda, zai zauna da na'ura mai tsada yana kallon mutane suna wucewa shagon gaba.

Ranar saye kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tura kuɗi ta waya ga wanda hoto kawai ya nuna maka. Tafiyar Yamai wajen kilomita 550 ce ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma ta fi maka arha a kan sayen abin da ba ka taɓa ba. Ka fara da madannai: kayan Dubai da Amurka galibi QWERTY ne, wato jerin haruffa na Turanci, ku kuwa Faransanci za ku yini kuna bugawa da wasullansa masu alama, saboda haka ka nemi AZERTY, wato jerin Faransanci, na asali, domin ƴan takardun da ake mannawa a kan haruffa ba sa jure gumin yatsa. Ka buɗe shafi fari ka danna kowane madanni, ka duba allon ko akwai ɗigo ko inuwa. A Windows ka sa a buɗe tagar ba da umarni mai suna Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fito maka da ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, ka gwada lambobin biyu da idonka. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Idan Mac ce ta hannu, a goge ta a gabanka a sake kunna ta da intanet, domin idan tana ɗaure da asusun Apple na wani, wato iCloud, ko da rajistar wani kamfani na waje, ranar da ta kulle babu mai buɗe maka ita a Nijar. Ka zo da wani bidiyo a ma'ajiyarka ka sa ta fitar da shi, ka zauna ka ji ƙarar fankarta, ka taɓa ƙasanta. Sannan mai kanti ya rubuta maka garanti a takarda, da lambar na'urar, da ranar da zai ƙare. Wanda ya ƙi barin ka yi waɗannan gwaje-gwaje ya riga ya ba ka amsa.

Mu dawo kan Yaya, domin nan ne ciwon yake. Kuɗin da ɗan Adar ya tara a Abijan kai ma ka san yadda ake tara shi: da rage ciki, da kwana cikin cunkoso, da haƙurin rashin ganin gida. Bai aiko maka da shi kyauta don ka more ba, ya aiko ne don ka tsaya da ƙafarka, nauyin gida ya ragu a kansa. Amana ce mai manufa, kuma kowane wata da ka ƙara kana jira, manufar ce kake jinkirtawa. Jika 90 da suka tafi ba su ne na ƙarshe ba, domin kuɗin da ke kwance a ɗaki a gidan Bahaushe kowa yana jin ƙamshinsa, kuma ba za ka iya cewa babu ba alhali akwai. Tun yau ka fitar da sauran daga hannunka, ka kai banki, ko ka damƙa wa wani babba a gida wanda kake jin nauyin zuwa ka karɓa a wurinsa.

Maganar odar da ka ce ka yi ƙarya ce, kuma gara in kira ta da sunanta. Na fahimci kunya ce ta jawo ta, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman tsakanin Tawa da Abijan inda kullum akwai mai zuwa da mai dawowa, kuma abokin nan naka da ya soma ja da baya yana da baki. Idan Yaya ya ji daga wani, ba jika 90 za ka rasa ba, yardarsa za ka rasa, wadda ita ce jarinka na gaskiya idan shagon ya buƙaci ƙari nan gaba. Akwai wata dabara da na san zuciyarka tana raya maka, wato ka yi sauri ka sayi wata kwamfuta ka aika masa hoto ka ce ga ta ta iso. Kada ka yi. Zai tambayi kuɗinta, sai ka sake ƙirƙirar lamba, daga nan kuma kai da gaskiya sai hange.

Ka kira shi da murya, kada ka aika saƙon rubutu, ka zaɓi lokacin da ya tashi daga aiki. Bayan gaisuwa ka ce masa: "Yaya, akwai maganar da na faɗa maka wadda ba haka take ba, ina neman gafararka. Ban sayi kwamfutar ba. Na tsaya jiran wata sabuwa da aka ce za ta fito, kuma na taɓa kuɗin." Sannan ka ba shi lissafi dalla-dalla, abin da ya tafi a magani, abin da ka ranta, abin da ya rage. Kuɗin maganin gyatuma ba na jin zai yi maka faɗa a kansu, uwarsa ce kamar yadda take uwarka, abin da zai ɓata masa rai shi ne ba ka gaya masa ba. Rancen abokin kuwa kai ka yanke shi ba da izininsa ba, don haka ka ɗauke shi a matsayin bashi a kanka, ka faɗi lokacin da za ka mayar, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Zai yi faɗa, ka yi shiru ka saurara, kada ka kawo masa labarin allon taɓawa a matsayin hujja. Idan ka san zafin zuciyarsa ya wuce ka tunkare shi kai tsaye, ka fara gaya wa gyatuma ko wani kawu ya shiga tsakani, amma furucin ya fito daga bakinka.

Wataƙila ma kiran ya buɗe wata ƙofa. Abijan ta fi Yamai yawan kayan kwamfuta, a Ajame da sauran kasuwanninta, kuɗinmu da nasu sefa ɗaya ce, kuma madannan AZERTY ba su da wuya a can. Idan Yaya yana da wanda ya san harkar, yana iya saye a can ya ba mai dawowa gida. Sai dai ku sa wa abin rana, domin idan ya zama sai an sami mai zuwa, ka musanya wani jira da wani ke nan, kuma garantin kantin Abijan ba zai amfane ka a Tawa ba.

Abokinka kuma ka same shi ka ce masa ya yi gaskiya a kan fara aiki, wannan kaɗai zai sauke rabin fushinsa. Kafin ku sayi ko da waya ɗaya, ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta abin da kowa ya kawo, da yadda za a raba riba, da cewa kwamfutar da kuɗin yayanka aka saye ta, don kada ranar rabuwa ta zama ranar shari'a. Daga nan ka bar masa neman shago da maganar jan wuta, kai ka nemi wanda ya san kwamfuta ku hau motar Yamai, domin ku kasance kun buɗe kafin cunkoson ɗaurin auren da ake yi gabanin azumi.